Ranar da Firjin Inna Ya Yi Shiru a Kasuwar Bakori

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da firjin Inna ya yi shiru. Har yau in na ga mutum ya taso da zafinsa zai yi wa wani alherin da ba a roƙe shi ba, sai in ce ya zauna tukuna in ba shi labari.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, irin wadda Turawa ke yawon shan iska da ita. A cikinta akwai gado da labule da ɗan murhu, da ƙaramin firji a manne da bango. Ya saye ta ne don ya riƙa kwana a gonarsa ta Maska lokacin girbin masara, har ya kafa mata faifan sola a rufi. Yaran unguwarmu a Funtua suna ce mata ɗaki mai taya. Bayan rasuwarsa Inna ta ƙi a sayar. Ta kama sana'ar kunun aya, ni kuma na zama direba. Duk ranar kasuwar Bakori sai mu cika firjin da robobi, mu je mu tsaya a bakin layin masu hatsi. Da wannan kunun muke ci, da shi ƙannena ke zuwa makaranta.

Sai dai firjin nan yana da hali. Yakan fara da gurnani, ya ja numfashi, ya kama karkarwa har kofuna su yi ta rawa a kansa, sannan ya sauke da wata 'yar siririyar fito. Inna kuwa ba ta gajiya da mita. Tun daga ƙofar gida har Bakori tana cewa wannan abu sai ya kurumtar da ita, wai ko injin niƙa ya fi shi kunya. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai dai ta ce, "Kai wannan, kana jin masifar nan kuwa?"

Ina ji mana. Shi ya sa da ta tafi biki Malumfashi na ce ga dama ta samu, zan yi abin da za ta sa mini albarka har muryarta ta dushe. Na ja motar zuwa wurin wani mai gyaran firji a bayan tasha. Ya zaro shi daga bango, ya leƙa, ya yi dariya. Ya ce robobin da injin ke zaune a kansu sun cinye, bututun jan ƙarfe yana dukan jikin mota, ga kuma ƙwallayen dabino sun faɗa tiren baya suna ta tsalle. Ya ce irin robar nan ko Kano sai an sha yawo. Yana faɗa yana kallon ƙafata. Kafin in gane inda ya dosa, ya sa wuƙa ya yanka silifas ɗina sababbi fil, ya cusa a ƙarƙashin injin, ya ɗan lanƙwasa bututun, ya zubar da ƙwallayen. Da aka kunna, tsit kake ji. Na tuƙo mota gida ba takalmi, amma ina jin kaina kamar wanda ya biya wa uwarsa Makka.

Ranar kasuwa Inna ta shigo mota, ta jera robobinta, ta tsaya. Ta kalli firjin, ta sa hannu ciki ta ji sanyi, ta kalle ni. Na gyara zama ina jiran albarka. Abin da ta ce kawai shi ne, "To." Har muka isa Bakori ba ta ƙara cewa uffan ba. Ni da wautata na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, mutanen kasuwar nan da kunne suke sayen kununmu. Sauran masu sayarwa ƙanƙara suke sakawa a kula, kafin azahar ta narke, kunu ya fara tsami. Kowa kuwa ya san abin da tsamammen kunun aya ke yi wa ciki. Namu ne kaɗai ake jin injinsa yana aiki tun daga rumfar masu buhu, don haka ba a ko tambaya.

Wanda ya fara zuwa wani dattijo ne mai awon hatsi, tsohon abokin Baba, wanda bai taɓa fashin kununmu ba. Ya gaisa da Inna, ya kara kunne a jikin mota, ya girgiza kai, ya yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Na ce masa gyara aka yi, ya taɓa roba ya ji. Ya taɓa, ya ce sanyin jiya ne bai gama fita ba. Wata mai kunu da ke tsallaken hanya ta tsinci maganar, kafin ka ce kwabo labari ya zaga kasuwa cewa firjin Hajiya ya mutu, kunun kwana take sayarwa. Rana ta take, masu dako suna wuce mu suna haɗiyar yawu, suna tsallakawa wurin waccan. Na yi rantsuwa har na gaji. Na sha roba biyu a gabansu, wani ya ce a dai jira a ga yadda zan ƙare.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Kunun aya ba ya kwana, amma ba asarar ranar ce ta fi damuna ba. In aka ce Inna ta sayar da ruɓaɓɓen abu sau ɗaya, ta bar kasuwar nan ke nan.

Can sai Inna ta yafito ni, ta yi ƙasa da murya. Ta ce tunda ni na kashe masa murya, in shiga bayan labule in ara masa tawa. Wallahi da gaske take. Haka na durƙusa a gefen firji, ƙato da ni har da gemu, ina gurnani, ina jijjiga kofuna da hannu, ina ƙarasawa da fito. Kuma abin ya fara ci, don na ji mutum biyu sun tsaya suna cewa ashe ya tashi. Sai ƙurar dusa ta shige mini maƙogwaro, na sarƙe da tari.

Dattijon nan ya ɗaga labule da sandarsa, muka haɗa ido. Ya juya ya ce, "Hajiya, firjin naki har gemu ya fitar?"

Layin masu hatsi ya kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni kuwa kunya ta sa na fasa fitowa. Ina nan kwance na zura hannu ƙarƙashin injin, na fizge guntayen silifas ɗina ɗaya bayan ɗaya, na tura bututun ya koma jikin mota. Firjin ya yi shiru kamar yana shawara, sannan ya saki gurnanin da bai taɓa yin irinsa ba. Aka yi ta tafi. Waɗanda dariya ta tara su suka saye kunun tas kafin la'asar, kowa na cewa a ba shi na mai gemu.

A hanyar komawa gida, muna wuce gonakin dawa, Inna ta dafe kunne ta ce wannan abu sai ya kurumtar da ita. Haushi ya ƙume ni. Na ce, "Haba Inna, na gyara kin ƙi, na ɓata kina mita. Me kike so?"

Ta juya ta kalli gadon da ke bayan mota. Sannan ta ce, "Haka na yi ta mitar minsharin babanku tun ina amarya. Da ɗakin ya yi shiru, ka ga na ƙara yin barcin kirki?"

Na rage gudu, don hanya ta fara yi mini hazo-hazo. Sai a lokacin na ji abin da take ji shekara da shekaru: gurnanin, da jan numfashin, da 'yar fiton ƙarshe. Sak na Baba.

Motar ta daina tafiya yanzu, tana ajiye a tsakar gida, amma firjin na nan yana aikinsa, Inna na nan tana mitarta. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba duk abin da mutum ke kuka da shi ne yake so a raba shi da shi ba. Kafin ka ɗauko wuƙa ka yanka takalminka don wani, fara tambayarsa tukuna.