Gefen kaset ɗin da Tsawa ya bari

Yayana gyaran agogo yake yi tun kafin in yi wayo, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Faɗan gidanmu duka ni na kwashe, shi aka bar shi da haƙuri. Shagonsa ɗan tsukuku ne: tebur, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido, da farantin kusoshi masu ƙanƙanta kamar yashi. Shagon ɗinkina yana kallon nasa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Mutanen layinmu sun fahimci komai nasa ban da kiɗansa. Kaset-kaset ne na kiɗan na'ura, ba ganga, ba mawaƙi. Sauti ɗaya zai taso can ƙasa, ya yi ta ja, sai wani ya shigo ta bayansa ba ka san lokacin ba. Bayan abincin rana yakan ajiye kayan aiki, ya sa guda ɗaya, ya jingina da bango. Ba ya tsallakewa, ba ya mayarwa baya, sai kaset ya kai ƙarshe don kansa.

"Yaya, wannan ai kukan firij ne," nakan ce masa.

"Ƙara saurara," yakan ce, idonsa a rufe.

Ban taɓa ƙarawa ba. Wadda ta saurara ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, da ta girma a ƙarƙashin teburin nan. Da ta zama budurwa ya samo mata tsohon piyanon lantarki, ta yi ta dannawa har ta iya. Wata rana suka rufe ƙofar shago, ita da uban, ta cika kaset guda gaba da baya da kiɗan da ta haɗa da kanta. Shekara ba ta zagayo ba ciwo ya ɗauke ta. Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba. Kaset ɗin dai ya daina fita daga rediyonsa.

Bango ɗaya ya raba shi da wani mai ba da hayar lasifika, wanda ake kira Tsawa, kuma sunan ya bi shi. In yana gwada kayansa, kusoshin Yaya har rawa suke a faranti. Yaya sai ya kife musu kofi, ya jira.

Ran nan Yaya ya fita kai agogon bango, ya bar wa Tsawa tsaron shago. Tsawa yana neman kaset da zai ɗauki tallar shagonsa. Ya shiga, ya danna rediyon, ya ji shuuu, bai tsaya ba ya cire ya tafi da shi, ya gama abinsa ya mayar. Washegari bayan abinci Yaya ya jingina da bango ya danna. Maimakon Auta sai muryar ƙato: "Gwaji, gwaji. Jama'a, ina masu taro, ina masu buki?"

Na tsallaka titi da almakashi a hannu, ban ma sani ba. Na tarar da Tsawa a bakin ƙofa yana dariya.

"Haba Mai Agogo, ai babu komai a ciki, iska ce kawai. Zan kawo maka sabo dal, har biyu."

Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Sai da ya mayar da abin labarin ban dariya, yana ba duk wanda ya zauna a bencinsa: tsoho yana makokin kaset ɗin da babu komai a ciki. Na tsani mutumin nan, tsana irin mai hana cin abinci. Yaya kuwa cewa ya yi da ni, "Je ki ajiye almakashin."

Daga ranar kiɗa ya ɗauke a shagonsa. Yana gaida Tsawa kullum safe, har agogon hannunsa ya gyara masa. Na ce, "Yaya, kai ba ka da zuciya ne?" Ya ci gaba da goge gilashinsa. Sai daga baya na gane jira yake, kuma mutumin da ya saba jiran sauti ɗaya ya gama ja ba ya gajiya da jira.

Bayan watanni aka sauke wa Tsawa sababbin lasifiku, kowanne ya kai tsayin ƙofa. Ya jera su a bakin titi da hantsi, ya tara jama'a su sha kallo. Sai ga Yaya ya fito da kaset a hannu.

"Maƙwabci, gwada su da wannan mana. Na Auta ne, gefen da ka bari."

Tsawa ya ɗan yi turus, amma idon mutane na kansa, ya karɓa ya sa. Shiru. Ya murɗa ƙara. Shiru.

"Ka gani ko? Na faɗa maka," in ji Tsawa.

"Ƙara dai," in ji Yaya.

Nan na gane nufin Yaya, daɗi ya kama ni. Ni da ban san kiɗan ba, na san hannun Yaya. Sau da yawa na hango shi daga shagona: in wannan gefen ya ɗan yi tafiya, yakan miƙa hannu ya rage ƙara, domin akwai wani sauti mai kauri da Auta ta sa ya faɗo gaba ɗaya bayan dogon shirun. Yau hannuwansa biyu suna bayansa.

Tsawa ya murɗa har ƙarshe. Shuuu ɗin ya cika layi. Sai muka ji ƙarar kujera. Sai murya, siririya, kamar tana tsaye a tsakiyarmu:

"Baba, daina motsa kujerar nan, na fara."

Da 'yar dariyarta a baya.

Ƙaramin rediyon Yaya bai taɓa fito da wannan ba. Bai san tana ciki ba. Na ga hannunsa ya fito daga baya, ya ɗaga ƙafa, bakinsa ya buɗe zai ce a rage. A daidai lokacin Tsawa ya juya wurin na kusa da shi yana washe baki: "To, ashe iskar ma tana magana."

Yaya ya mayar da hannunsa baya.

Sautin ya faɗo. Na ji shi a ƙirjina kafin kunnena, gilashin shagona ya yi ta kaɗawa, sannan lasifikun suka yage ɗaya bayan ɗaya kamar ana keta yadi. Warin ƙonannen waya ya tashi. Tsawa ya durƙusa a gabansu, hannu a ka, yana shafa su yana kiran sunan Allah. Yaya ya ratsa mutane, ya danna, ya cire kaset ɗinsa, ya sa a aljihu.

"Akwai abu a ciki," ya ce.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, kuma har yau ban ji tausayin Tsawa ba. Bai daɗe ba ya kwashe ya bar layin, mai sayar da zare ya kama shagon. Kusoshi sun samu lafiya, kiɗa ya dawo.

Sai dai yanzu in Yaya ya sa gefen nan, yakan murɗa ɗan rediyonsa har ƙarshe, ya manna kunne a jiki. Shuuu kawai yake ji. Na ce ya kai wa wani mai manyan lasifiku. Ya kai. Labari ya riga shi zuwa, duk mai hayar lasifika a garin da ya hango shi da kaset sai ya ce kayansa suna gyara.

Don haka wani lokacin, bayan abincin rana, yakan leƙo daga ƙofa ya kira ni.

"Ke kin ji dai, ko? Me ta ce?"

Sai in tsayar da keken ɗinki, in tsallaka titi, in faɗa masa.