Maɓallin Wuyan Inna

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu, ni na dage sai an sa mata na'urar neman taimako. Ita kaɗai ce a tsohon gidanmu na Gobarau, ta kuma rantse ba inda za ta. Ni ina Ƙofar Marusa, autarmu tana aure a Batagarawa. Tsorona ɗaya ne: ta sake faɗuwa, ta kwanta nan ba wanda ya sani.

Wani mai aikin lantarki ɗan kudancin Kaduna ya zo ya haɗa. Abu biyu ne: ɗan maɓalli kamar goro, mai igiya da ake ratayawa a wuya, da ƙaramin akwati mai layin waya a ciki. In aka danna maɓallin, sai ya aika saƙo ta iska zuwa akwatin, akwatin ya kira lambar farko da aka ba shi. In ba a ɗauka ba, ya wuce ta biyu. Mutumin ya ajiye akwatin a ƙuryar ɗaki, ya ce in zaga gida ina dannawa. A tsakar gida akwatin yana ji, a madafi yana ji, ina shiga makewayi sai shiru. Bangon ƙasar nan mai kauri ya shanye saƙon. Sai da muka dawo da akwatin bakin taga sannan ya ji ko'ina.

Ya ce, "Oga, lambar wa za a fara sawa?"

Na ce tawa mana, ni ne babba, ni ne kuma kusa. Inna tana kan tabarma, ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuwa na ɗauka ta yarda.

Bayan 'yan watanni na biya da azahar in kai mata magani. Na same ta zaune a ƙasa kusa da murhu, ƙafa a miƙe, buta a kife. Zaninta ya jiƙe har ya bushe. Tun hantsi take nan, ga maɓallin a ƙirjinta. Na kai hannu na danna, nan take wayata ta ɗau ƙara a aljihu. Lafiyarsa lau. Raina ya ɓaci, na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, har yau ina jin kunyarsa. Na ce haba Inna, yatsa ɗaya fa, me ya fi wannan sauƙi? Ta kau da kai tana kallon bango, ta ce a kira mata maƙwabciya ta kama ta.

Da yamma autar ta zo, ta ja ni zaure. Ta ce, "Yaya, kai ma dai da neman magana. Tun da ka zo duniya ka taɓa jin ta kama sunanka?"

Ban taɓa ji ba. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. In tana nemana, sai ta ce a gaya wa wancan. A wurinta danna maɓallin nan daidai yake da ta buɗe baki ta kira ni, kuma wai in zo in ɗaga ta daga ƙasa. Gara ta wuni a rana. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Ina da furfura a gemu, amma ranar na zauna a zaure ina jin haushi kamar yaron da aka hana tuwo.

Na ce to a sa lambar autar a farko. Amma kafin ta samo abin hawa daga Batagarawa, ai an daɗe. Ita ce ta kawo dabara. Ta ce in akwatin ya kira ta, ba za ta ɗauka ba, za ta bar shi ya gaji ya wuce wurina. Washegari aka sauya lambobin a gaban Inna. Aka danna, wayar autar ta yi ƙara a hannunta, Inna ta gyaɗa kai. Ba mu yi mata ƙarya ba, sauran bayanin ne kawai muka bari.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ina ofis wayata ta yi ƙara, na ga lambar akwatin. Na fito a guje, ban ko rufe ƙofa ba. Na tarar da ita a bakin makewayi, gansakuka ta kwashe ta, tana dafe da bango ta kasa tashi. Na durƙusa na ɗauke ta cak. Ban san ta rame haka ba.

Ta juya fuska gefe ta ce, "Auta ce na kira."

Na ce, "Na sani, Inna."

Amma ta riƙe wuyan rigata gam, har na kwantar da ita a gado ba ta saki ba.