Ɗanlarai, Ɓarawon Fim ɗin Sabitu

Ɗanlarai mai gero ya haura shekara talatin a layin hatsi na Kasuwar Muda Lawal. Daga Zungur ya shigo Bauchi yana saurayi, ya fara da dako, ya koma awo, har ya samu rumfar kansa. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai Allah ya yi masa wata irin fuska: gira mai kauri, jan ido, ga tabon da ƙahon saniya ya bar masa a kumatu.

Fuskar nan ce ta kai shi fim. A shekarar 1999, Sabitu mai ɗaukar bidiyon biki ya ga 'yan Kano suna ta fitar da kaset, ya ce shi ma zai yi nasa da kyamararsa ɗaya tilo. Ya sa masa suna Zoben Bintu. Labarin wani malamin firamare ne da ya saya wa masoyiyarsa Bintu zobe, ɓarawo ya sace, ya kashe maƙerin zoben, aka ɗora wa malamin laifin.

"Kai ne ɓarawon," in ji Sabitu.

"Ni da ko allura ban taɓa ɗauka ba?"

"Ba sai ka yi magana ba. Ka ɗaure fuska kawai."

Amos kafinta ya sassaƙa bindigar katako, aka shafa mata baƙin man takalmi. Kakin ɗan sanda kuwa na wani mai gadi ne, wandon bai kai idon sawu ba.

Ranar da za a ɗauki gudun ɓarawo, Sabitu ya ƙi sanar da kowa, wai yana son abin ya zama kamar gaske. Ɗanlarai ya fizgi jakar Bintu a bakin ƙofar kasuwa ya zura da gudu. Bai yi nisa ba wata bazawara mai masa, Fatu, ta miƙa ƙafa ta taɗe shi, ta kwaɗa masa ludayin ƙarfe a goshi har sau biyu. Da ƙyar Sabitu ya ratsa mutane yana cewa wasa ne, kyamarar tana kafaɗarsa bai kashe ba.

Kunya ta kama Fatu. Kwana uku tana aika masa da masa da miyar taushe a matsayin ban haƙuri. Rana ta huɗu ya mayar da kwanon da kansa. Bayan babbar Sallah aka ɗaura musu aure, yanzu 'ya'yansu shida.

Fim ɗin bai je ko'ina ba. Duk inda malamin ke faɗa wa Bintu zancen zuciyarsa, carar zakaran maƙwabta ta danne muryarsa. Masu kallo wurin ludayin kawai suke mayarwa baya. Sabitu ya sayar da kyamara ya koma Jos yana sana'ar taya.

Bara wani malamin jami'a daga Yelwa, Dakta Elisha, da ke bin diddigin tsofaffin finafinan Bauchi, ya zo rumfar Ɗanlarai yana tambaya. Fatu ta zaro kaset ɗaya daga ƙasan akwatin zannuwanta. Ran Asabar da la'asar Dakta ya kawo tsohuwar na'urar bidiyo, gidan ya cika da jikoki da maƙwabta. Aka sa kaset, ana cikin shari'ar malamin firamaren a kotu sai hoton ya ɗauke. Danshi ya cinye ƙarshen kaset ɗin.

"Baba, yaya labarin ya ƙare?" Dakta ya tambaya.

"An saki malamin, ya auri Bintu," in ji Ɗanlarai.

"A'a, Malam," Fatu ta ce. "Bintu mutuwa ta yi da baƙin ciki. Na ma yi kuka."

Aka kira Sabitu a waya. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce duka biyun ya ɗauka, kuma wallahi ya manta wanne ya sa. Dakta ya rubuta duka biyun a littafinsa, Fatu ta tashi ta zuba wa baƙi abinci.