Ma'amul na Farko na Barsu Ne

A gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka ba sai an ga wata ake sanin Zulhajji ya kama ba, hanci ne ke faɗa. Da zarar ƙamshin man shanu da dabino ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa, to Kaka ta sauko da manyan farantanta, an fara gasa ma'amul, ɗan curin alkamar nan mai dabino a ciki da matan Makka ke yi wa mazajensu guzurin Arfa. Babanmu bas yake tuƙawa lokacin aikin Hajji, sai ya yi kwanaki ba mu sa shi a ido ba, Kaka kuwa ta rantse ɗanta ba zai ci na kanti ba muddin tana numfashi.

Umma tana da murhun gas, amma Kaka ta ce abin da gas ya gasa ba shi da rai. Rabin ganga aka yanka mata a tsakar gida, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Bayan Magariba, idan zafi ya ɗan sassauta, sai ta baje a gaban gangar, ni da ƙanena Ummaru muna gefe muna cusa dabino a ƙullu muna dannawa cikin ɗan katakon da ke fitar da zane. Gaskiya rabin dabinon cikinmu yake tafiya. Mu kan kira ta Sitti irin na yaran unguwa, ita kuma kullum sai ta ce, “Sittin gidanku. Ni Kaka ce.”

Na huɗunmu a gaban wutar shi ne Barsu, wani jan kare mai karyayyen kunne da Kaka ta tsinto yana kwikwiyo a bayan kasuwar kayan miya. Sunan habaici ne ga maƙwabta, don sun sha zuwa da wa'azi a kan ajiye kare. Kaka ta san iyakarta: bai taɓa taka ɗaki ba, kwanonsa daban, wurin kwanansa garken awaki. Awakin biyu ne rak. Duk wanda ya yi magana sai ta ce gadinsu yake yi, kuma addini bai hana ba. Umma kan ce a ɓoye, ai awakin ne ke gadin karen.

Doka ɗaya Kaka ta kafa a kansa. Ma'amul na farko da ya fito daga wuta na Barsu ne, kuma ba a jefa masa. Sai ta bari ya huce, ta taka da kanta ta ajiye a gabansa, ta tsuguna har ya cinye. Haka ake yi da ƙashi, haka ake yi da ɓawon gurasa. Wata rana Ummaru ya ɗaga hannu zai wurga masa wani abu, Kaka da ba ta taɓa dukanmu ba ta cafke tsintsiyar hannunsa har sai da ya yi ƙara.

“Maigidana, a gidan nan ba a jifa. A ajiye, a tsaya.”

Mun ɗauka tsufa ne. Tsofaffi ai ba sa rasa irin nasu.

Idan faranti ya shiga wuta sai tatsuniya ta fito. “Ga ta nan da zafinta,” in ji Kaka. Mu kuma mu ce, “Ta zo mu cinye ta.” Tana da na Gizo, tana da na kura, amma wadda muka fi nacin ji ita ce ta yarinya da karenta, don a cikinta Kaka ke kwaikwayon Larabcin wani mai jirgi har mu kwanta don dariya.

Wai wata yarinya ce iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa. Tafiya ce ta shekaru: su tsaya a wani gari su yi ƙodago, in guzuri ya taru su ƙara gaba. A hanya wani farin kare ya biyo su. Aka kore shi, ya ƙi koruwa. Shi ne ya tashe su ranar da kura ta zagayo zango, shi ne ya kai su bakin rijiya ranar da salka ta bushe. Yarinyar ta girma tare da shi, abin da ta ci shi yake ci, har suka iso bakin babban ruwa, wanda in an haye shi an iso ƙasa mai tsarki.

Nan Kaka ke tura ciki gaba ta kumbura kumatu. “Kalb? La, la, la! Kare a jirgina? Wallahi ko kunnensa!” Mu kuma mu yi ta birgima a tabarma.

Sai uban ya ce da yarinyar, ke ya sani, ke za ki raba shi da mu. Duk inda ta sa ƙafa karen na biye, ga jirgi zai tashi. Gurasa ɗaya ta rage mata. Ta nuna masa, ta wurga ta da iya ƙarfinta can bayan tudun rairayi. Karen ya bi a guje, ita kuma ta ruga ta faɗa jirgi. Suna barin gaɓa sai ga shi ya dawo da gurasar a bakinsa, ko gutsira bai yi ba. Ya ɗauka faɗuwa ta yi daga hannunta. Ya tsaya a bakin ruwa yana riƙe da ita yana jira ta zo ta karɓa.

“Wawan kare!” in ji Ummaru. “Ni da cinyewa zan yi.”

Ni kuma in ce, “Sai me ya faru, Sitti?”

“Sai jirgi ya yi nisa.”

“To, ƙurunƙus?”

“Wannan ba ta da ƙurunƙus. Ke Rabi, duba farantin nan kada ya ƙone.”

Takan goge ido da bakin mayafi ta zagi gawayin, wai mai hayaƙi aka sayo mata. Kashegari mu sake cewa ita muke so. Ba ta taɓa hana mu ba.

Bayan Hajji, idan alhazai sun watse, Arfa takan zama tamu. Fili fetal, babu kowa sai bishiyoyin darbejiya da 'yan gadin tantuna. Da yammacin Alhamis Baba kan kwashe mu a tsohuwar a-kori-kurarsa, mu tsaya a hanya wurin wani Bakatsine mu sayi tsire, wanda a nan ake kira siriye, Umma ta cika butar shayi, Kaka ta ƙulle ragowar ma'amul a tsumma. Barsu a baya tare da mu, harshe a waje, iska na kaɗa lafiyayyen kunnen. A duk yarintata ban san daɗin da ya kai wannan fita ba.

Shekarar da na ɗan tasa Baba ya samo mana shakka, wato gida a saman bene, a wani sabon gini kusa da gari, mai na'urar sanyi a kowane ɗaki. Mai ginin ya ce ko kaza ba a ajiyewa. Awaki ba matsala, akwai mahauci. Da Baba ya ɗauko wa Kaka zancen Barsu, amsarta gajera ce: “Inda ya kwana, nan zan kwana.”

Na kawo musu shayi ne na tarar Baba yana tsara wa Umma abin da zai yi. Za a fita Arfa kamar kullum. In an tashi dawowa a sa Kaka a gaban mota, shi ya zagaya baya ya wurga wa karen nama cikin bishiyoyi, a ja mota. In an iso gida a ce a hanya ya dire. Ai 'yan gadi na ba karnuka abinci, ba zai mutu da yunwa ba, ita kuma in ta ga babu shi dole ta haƙura. Da ya ga na ji, sai ya ce, “Rabi, kada Kakarki ta ji wannan. Ɗakin da ke da taga naki ne.”

Ina son Barsu. Amma ina son tagar nan, ina son in daina jin 'yan makarantarmu na ce mini 'yar gidan kare. Ban faɗa wa Kaka ba. Ranar Alhamis na zauna a tabarma na ci siriye har da lashe ƙuli a yatsa, ina kallon Kaka tana ajiye masa nasa a gaba tana jira ya gama.

Rana ta yi ja aka naɗe tabarma. Baba ya riƙe hannun Kaka ya zaunar da ita a gaba, ya zagayo da sauran naman a takarda. Ya nuna wa Barsu, ya wurga yanka ɗaya can nesa. Karen ya bi naman da ido har ya faɗi, sannan ya juyo ya kalli hannun Baba, ya zauna. Baba ya sake wurgawa. “Yalla, tafi mana!” Barsu ya kaɗa wutsiya kawai. Tun yana kwikwiyo babu wanda ya taɓa jefa masa abinci, bai san abin da aka jefa nasa ba ne. Da ya gaji da jira sai ya zagaya ya kwanta a gindin ƙofar da Kaka take.

Ashe tana kallon komai ta madubi. Ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali.

“Alhaji, me kake yi?”

“Inna, ai dama...”

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta dogara sandarta ta tafi cikin bishiyoyin, tana duƙawa tana lalube, har ta tsinto yankan biyu. Ta karkaɗe ƙasar da mayafinta, ta dawo ta ajiye a gaban Barsu, ta tsuguna duk da ciwon gwiwa har ya cinye. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Wancan da na jefa wa, ya tafi. Shi ya sa ban koya wa wannan ba.”

Baba ya ji tatsuniyar nan tun kafin a haife mu, shi ma bai taɓa tambayar ko wace ce yarinyar ba. 

“Inna, ke ce?”

“To, wa ka zata? Har yau in na rufe ido yana nan riƙe da gurasar.” Ta juyo gare ni. “Ƙawata, ke ma kin sani?”

Na sunkuyar da kai, yatsuna na ƙamshin ƙuli.

“Ba komai,” in ji ta. “Ni ma yarinya ce lokacin.”

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Baba da kansa ya sauke murfin bayan mota Barsu ya hau, muka dawo gida.

Mu mun koma shakka. Kaka ta zauna a Ka'akiyya da karenta da awakinta, wata tsohuwa 'yar Nijar ta kama ɗakinmu tana taya ta kwana. Muka ce za mu riƙa zuwa duk Jumma'a. Da fari mun cika, daga baya sai Jumma'a ta riƙa tsallake 'yar uwarta. Ga jarrabawa, ga baƙi, ga sababbin wuraren cin abinci da ake ta buɗewa a gari. Barsu ya tsufa ya mutu a gindin gangar nan, tana zaune kusa da shi har ya cika. Sai a lokacin ta yarda ta hau bene, kuma ba ta daɗe a cikinsa ba Allah ya karɓi abarsa.

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar a kan karnuka yake, wato a ji tausayin dabba. Sai da na fara gasa nawa ma'amul ɗin a murhun lantarki, na fito da na farko na tsaya riƙe da shi babu wanda zan ajiye wa, sannan na tuna da wata rana. Jumma'a ce cikin Zulhajji, mun biya ta Ka'akiyya a gurguje za mu cin kifi. Baba ne kaɗai ya shiga ya gaishe ta, ni ko saukowa ban yi ba. Motar ta fara tafiya sai ga Kaka ta fito da faranti a rufe da tsumma. Na leƙa ta taga na ce, “Sai Jumma'a, Sitti!” Na wurga mata maganar, muka wuce. Da na waiwaya tana nan a bakin ƙofa da farantin a hannu biyu, Barsu a gefenta, har muka karya kwana. Abin yana cina, kuma ba na jin zai daina.

Bana na zaunar da 'yata tana cusa dabino, na ba ta tatsuniyar yarinya da farin kare. Na kumbura kumatu na yi mai jirgi, ta yi dariya. Da muka zo wurin gurasar ba ta yi ba. Ta ajiye ƙullun ta ce, da Hausarta mai gauraye da Larabci, “Mama, lesh ba ta koma ta ɗauko shi ba?”

Na ce jirgi ya riga ya tashi, kuma yarinya ba ta iya tsayar da jirgi.

Ta gamsu, ta ci gaba da aikinta. Ni ce ban gamsu ba. Kaka teku ne ya shiga tsakaninta da wanda ta bari. Tsakanin gidanmu da Ka'akiyya kuwa babu teku, kwalta ce shimfiɗe, kuma motar tamu ce.