Katin da Yefim Ya Bari Babu Rubutu

Mijina Yefim Kuzmich, Allah ya ba shi hutawa, shekara talatin da ɗaya ya yi yana shigo da jiragen baƙi cikin kogin Dvina. Jirgi zai tsaya a bakin teku, a kai shi a ƙaramin kwalekwale mai inji, ya hau tsanin igiya, ya tsaya kusa da kyaftin yana nuna masa hanya har tashar katako ta Arkhangelsk. Tafiyar awa huɗu ce ko biyar. A tsaye ya koyi Turanci, ba a aji ba.

Ni kam a Turanci ko zo in kashe ki ban sani ba. Aji bakwai na yi na shiga ɗinki. Amma na san kwalayen takalman nan guda uku da ke kan kabad, don ni nake share musu ƙura. Cike suke da katuna da yake yankawa daga kwalin shayi. A gaban kati zai rubuta karin maganarmu ta Rasha, a baya kuma yadda Bature ke faɗin abin. Yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya duba ƙamus. Bayan kati zai zauna fari fat har sai ya ji maganar ta fito daga bakin mai harshen, a daidai wurin da mu za mu faɗi tamu.

"Ƙamus kifi ne busasshe, Taya," haka yake ce mini. "Ni mai motsi nake so."

Akwai katin da ya shekara biyu yana jira, wanda muke cewa an rataya wa mutum taliya a kunne, wato an shirga masa ƙarya. Ran nan ya faɗo gida ko takalmi bai cire ba. Ashe ya ba wani kyaftin labarin girman kifin da ya kama, mutumin ya mayar masa da magana.

"Taya! Su ƙafa suke ja!"

"Ƙafar wa?"

"Ƙafar wanda suke yi wa ƙaryar mana!"

"To kai cire takalmin daga taka ƙafar, yanzu na goge daɓen."

Haka ya zo mini da na ƙaguwa. Mu idan abu ba zai taɓa yiwuwa ba sai mu ce sai ranar da ƙaguwa ta yi fito a kan tudu. Su wai sai alade ya tashi sama. Na ce Allah ya sawwaƙe, aladen ma ba su ƙyale ba. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Neman cika kati ne ya sa ya kawo Desmond gidanmu, wani injiniyan jirgi daga garin Hull na Ingila, dogo, mai kunya. Na yi masa burodi mai kifi a ciki, ya ci har da ƙari. Ya cika wa Yefim kati goma sha ɗaya, bayan shekara guda kuma ya nemi auren 'yarmu Lida, ita kaɗai Allah ya ba mu. "Da hannuna na buɗe wa kura garke," in ji Yefim. Daga nan ya daina yi musu magana.

Ranar tafiyar Lida, cikin kakar 1993, aka fito da akwatuna soro. Kowa ya san ba a fita doguwar tafiya sai an zauna wa hanya: duk mutanen gida su zauna, a yi shiru ɗan lokaci, sannan babban gida ya ce "Da Allah," a miƙe. Na zauna, Lida ta zauna, Desmond ya ga haka shi ma ya zauna a kan akwati. Yefim yana tsaye a bakin taga, ya ba mu baya.

"Papa, zauna mana," in ji Lida.

"Ƙafata ba ta ciwo."

"Fima, ka ji tsoron Allah," na ce wa mijina.

Bai juyo ba. Mai tasi ya yi ta danna oda. Ni ce na ce "Da Allah," ba kuwa hurumina ba ne.

Lida ba ta sake zuwa ba. Wasiƙunta sunana suke ɗauke da shi, a ƙarshe layi ɗaya: a gai da Papa. Shi ma ya ce in gaishe ta. Taurin kai iri ɗaya, ba a ƙasa ta ɗauka ba. Ni dai kowace Lahadi ina kunna kyandir biyu a coci, in manna su kusa da juna.

A hunturun shekarar Yefim ya rubuta wani kati: "Mu zauna wa hanya." Na lura ba ya sa shi a kwali. A aljihun ƙirji yake tafiya da shi jirgi, ya dawo da shi. Shekara takwas haka har ya yi ritaya, gefen katin ya cinye, bayansa fari. Mutumin da zai tare kyaftin da tambaya a kan alade, wannan ɗaya bai taɓa iya tambayar kowa ba.

Sai da ya kai saba'in da bakwai, likita ya ce zuciyarsa ta gaji, sannan aka ce jikarmu Polya za ta zo, ita kaɗai, tana da shekara ashirin da biyu. A hoto kawai muka san ta. Yefim ya kasa zaune ya kasa tsaye.

"Baƙuwa za ta zo mana, tsohuwa," ya ce. "Na kori uwarta a tsaye, me zai sa ta riƙe wani abu namu? In na mutu ki hura murhu da kwalayen nan."

Polya ta zo da Rashancinta mai ɗingishi. Kwana tara suna baje katuna a teburin kicin. Takan karanta bayan kati ta kwashe da dariya. Deda take ce masa, wato Kaka.

"Deda, wannan tun kakan babana aka daina faɗinta!"

"Ke ma za ki tsufa, 'yar tsako. Juya na gaba."

Duk hirar nan bai tambaye ta uwarta ba, ita ma ba ta kawo zancen ba.

Safiyar tafiyarta ya ɗaure kwalayen da igiya ya ajiye kusa da akwatinta. Sai na ga ƙafarsa ta kai shi bakin tagar nan. Wannan karon ba fushi ba ne, na san bayan mijina, kunya ce. Na yi alamar gicciye a ɓoye.

Mai tasi ya iso. Polya ta shiga kicin ta jawo kujerar katako, ta ajiye a soro. Na zaci ni ta kawo wa, sai ta nuna mini benci, ita ta zauna a kan akwati, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Kujerar tana tsakiya babu kowa.

Yefim ya juyo. "Wa ya koya miki?"

"Mama. Ko ƙauyen kakata za mu sai mun zauna, har babana."

"Kujerar fa?"

Ta dubi kujerar, kunnuwanta suka yi ja. "Au, sabo ne. Kullum sai Mama ta jawo ɗaya ta bari. Takan ce ta Papa ce, makara kawai ya yi."

Ya tako a hankali, ya dafa bango, ya zauna. Mai tasi ya danna oda sau uku, babu wanda ya motsa. Can ya ce, "Da Allah."

A bakin ƙofa ya ciro katin daga aljihu ya nuna mata. "Wannan yaya kuke cewa a can?"

"Ba su da shi, Deda. Da Rashanci muke faɗa. Babana ma haka yake faɗa, sai dai ya karya mata wuya."

Ya mayar da katin aljihu. Da rana ya ce in danna masa lambar Lida, idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi. Na miƙa masa wayar, na shiga kicin na buɗe famfo don kada in ji abin da ba nawa ba.

Lida ta zo cikin hunturu, ta yi wata guda. Ranar komawarta shi ya fara zama. Ya rasu cikin babban azumin coci, kafin ƙanƙarar kogi ta fashe.

Kwalayen suna Hull. Polya takan kira ni ran Lahadi bayan na dawo coci, ta yi ta jana da hira har wata karin magana ta suɓuce mini, sai in ji ta yi shiru, alƙalami yana motsi. Ita ma wai ba ta duba ƙamus. Katin nan ɗaya yana wurina, a bayan hoton Uwar Almasihu. Idan na zo share ƙura nakan juya shi in duba, in mayar.