Diffa zuwa Maine a Motar Mahaifinmu

Ana sallame sallar asuba muka fito da motar daga rumfa, ni da yayana. Ba don son tafiyar ya biyo ni ba, ya ce zai zo ne ya ga inda taurin kaina zai ƙare. Ga waɗanda ba su san ta ba, ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, gajera har mutum ya ji kamar a tabarma yake zaune. Mahaifinmu ya saye ta tun ina lakol, ina ƴar makaranta, wurin wani Bature da ya yi aikin noman rani a bakin Komadugu. Bayan rasuwarsa ƴan'uwana suka ce a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na ce ban yarda ba. Aka tsaya a kan cewa in ta samu takardar bizit, wato ta gwajin lafiyar mota, kafin wata ya ƙare, tawa ce; in ba ta samu ba, in miƙa makulli.

Injin lafiya lau, birki ma haka. Abu ɗaya ya hana takardar: agogon gudu, wanda makanikai ke kira kwantar. Nata ba na igiya ba ne, na lantarki ne. Wani ɗan ƙarfe a jikin akwatin giya shi ke ƙidaya juyawa, ya aika ta waya, allura ta motsa. To allurar nan ta haukace. Gareji uku na kai ta a Diffa, kowa ya ce sai dai a canja kwantar ɗin gaba ɗaya, kuma an daina ƙera irinsa. Ɗayansu ya ba ni shawarar in koma aji in ci gaba da koyar da lissafina. Aka ba ni labarin wani tsoho mai gyaran rediyo a kasuwar Maine-Soroa, shi ne muka nufa.

Na ba yayana wayata, na kunna masa manhajar da ke nuna gudu, na ce ya riƙa faɗa mini lamba. A shingen fita gari jami'an tsaro suka duba takardunmu, suka zagaya motar sau biyu suna murmushi, ɗaya ya tambaya ko a ina ake sa kaya. Muka hau kwalta. Waya ta ce sittin, allura ta ce sittin. Na fara jin daɗi, sai muka faɗa rami, allura ta kwanta a sifili kamar an kashe mota. Can gaba garken awaki ya tsallaka hanya, na danna hon, sai ta zabura ta hau ɗari da tamanin. Yayana ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce motar Baba ta fi gudu in tana tsawata wa awaki.

Hanyar Shetimari, garin da ke tsakanin Diffa da Maine, ba ta da nisa, amma ramuka sun sa ta yi tsawo. Ta hagu, can wajen kogi, ana hango koren lambuna, ga tattasai an shanya a ƙasa ja wur. Mun tsaya wurin mai shayi, muka karya da burodi da ƙwai. Buhun tattasai a nan ya fi na Diffa sauƙi sosai, sai dai motarmu ko rabin buhu ba za ta ɗauka ba. Kusa da mai shayin akwai wani Babarbare mai gyaran injin ban ruwa. Na roƙe shi aron na'urarsa ta gwada wuta, ya ba ni ba tare da ya tambayi ina mijina ba, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa.

Na shimfiɗa buhu, na ɗaure zane da kyau a kan wando, na shige ƙarƙashin mota. Yayana ya sunkuyo yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke, fito. Mutane na kallonki."

"Su kalla, Yaya. Miƙo mini sifana mai lamba goma."

Na kwance ƙarfen da ke jikin akwatin giya, na same shi dumu-dumu da baƙin mai da yashi. Na wanke da esansi, wato fetur, na gwada, wuta na isa gare shi daidai. Na mayar. Muka kama hanya, allura ta tsaya cak a kan gaskiya, na fara yi wa yayana gori. Ba mu yi kilomita goma ba ta sake faɗuwa. Ya juya yana kallon raƙuma, kuma hakan ya fi dariyarsa ciwo. Na ji kamar in juya. Amma na tuna yadda hon ke tsorata allura, na ce a raina abu biyu da ba ruwansu da juna ba za su riƙa motsi tare ba, sai in akwai wayar da suka haɗa.

Mun shiga Maine rana ta take. Gari ne na makiyaya da ƴan kasuwa, kana jin Fulatanci, ka juya ka ji Barbarci, a gama ciniki da Hausa. Mun ci burabusko da miyar kuka da bandar kifi a wata rumfa, mai abincin ta ƙara mana dabino irin na kwaruruwan yankin, busasshe mai zaƙi. Ita ce ta nuna mana shagon tsohon.

Tsohon bai taɓa gyara mota ba, ya faɗa mini haka tun kafin in zauna. Na ba shi labarin rami da hon. Ya ce rediyo ma haka take yi in wayar mas ta saki, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfe. Muka kwance allon gaban mota tare, shi yana haska tocila, ni ina bin wayoyi da yatsa. A can ƙuryar, bayan sitiyari, muka tarar da baƙaƙen wayoyi huɗu ɗaure a kan ƙusa guda, ta hon da ta kwantar duk a ciki. Ƙusar ta yi tsatsa, tana rawa. Na kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, na sa sabuwa na ɗaure tam. Shi kuma ya buɗe kwantar ɗin, ya sa gilashinsa, ya gano dalma ta tsage a wuri biyu, ya liƙe da ƙarfensa mai zafi.

"Malama, ai ke kika gano ciwon," in ji shi. "Ni dalma kawai na ɗiga."

Da la'asar muka juyo don mu shiga gari kafin magariba. Duk ramin da na gani ban kauce masa sosai ba, da gangan. Na danna hon inda babu ko akuya. Yayana na karanta lamba, allura na amsawa daidai, har ya gaji ya ajiye wayar a cinya. Bayan Shetimari ya ce in tsaya. Na zaci wani abu ya ji a injin. Ashe so yake ya tuƙa. Na ce sai bayan bizit, kuma sai ya roƙa a gaban Inna, mahaifiyarmu.

Mun iso Diffa ana kiran magariba, Inna na zaune a ƙofar gida tana jiranmu. Kwana biyu bayan nan na karɓo takardar. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, in an ce maka abu ya mutu, ka tambaya ko wanda ya faɗa ya buɗe ya duba. Makanikai uku suka yanke wa motar nan hukunci, babu wanda ya kwance ƙusa ɗaya. Masu sayen ƙarafa sun zo jiya da safe. Na ba su ruwa suka sha, na raka su har bakin titi.