Ƙafar Mama a Hanyar Kafanchan

Ko tsufa ya kwashe mini komai, akwai safiya ɗaya da ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce safiyar da na ɗauko mahaifiyata a bayan keke daga ƙauyenmu, can gefen Kagoma, zuwa asibiti a Kafanchan, a makon da aka ce kowane abin hawa ya bar hannun hagu ya koma hannun dama.

Waɗanda aka haifa daga baya ba za su san ruɗanin lokacin ba. An kakkafa alluna a bakin hanya, amma ni ban iya karatu ba tukuna, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya. A coci na ji labarin. Bayan addu'a Fasto ya ɗaga hannunsa ya ce, "Hannun da kuke cin tuwo da shi, shi za ku bi." Na koma gida na ɗaura jan ƙyalle a hannun dama na kekena don kada in manta.

Kafin nan da kwana goma Mama ta faɗo daga bakin rumbu tana ɗiban acca, ta karye a ƙwauri. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da kara, amma maimakon sauƙi sai kumburi da zazzaɓi. Shi da kansa ya kira ni gefe ya ce in ba a kai ta asibiti ba, ƙafar za ta tafi. Mota kuwa ba ta shigowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa, saura kwana huɗu. Abin da ya rage mana keke ne.

Ni da kawuna muka samo katako muka gitta shi a kan kariya, wurin ɗora kaya a bayan keke, muka ɗaure da robar taya, muka shimfiɗa zane a kai. Mama ta zauna a karkace tana fuskantar hagu, yadda kowace mace take zama a bayan keke tun da na buɗe ido. Muka miƙe karyayyar ƙafar a kan katakon muka ɗaure ta. A ɗaya gefen muka rataye ƙunshin kayanta da tukunya don nauyi ya daidaita. Mutum biyar ne a wurin, har da mai ɗorin, kowa ya yaba dabarar. Babu wanda ya ga wani aibu.

A hanyar daji turawa na fi yi. Da muka hau kwalta sai na dubi jan ƙyallena, na tsallaka dama, na kama gefe sosai. Raina ya yi fari, ina ganin kaina wayayye.

A shekarun nan motoci sun fara yawa ƙwarai a hanyar Kafanchan, kwaltar kuwa siririya ce, gefenta duk ya zaizaye. Mu masu keke mun saba da wulaƙanci. Direba zai taho a guje ya danna hon, kai kuma ka faɗa ciyawa da kayanka. Don haka da na ji ƙugin wata babbar mota a bayana tana hon, sai na ce a raina yau kam ba zan faɗa ciyawa da marar lafiya ba. Ina kan hannuna, in yana so ya wuce.

Bai wuce ba. Ya rage gudu ya biyo ni, yana ta hon. Na ƙara taka feda, shi ma ya biyo. Na waiga sau ɗaya na ga wata tasi ta leƙo daga bayansa za ta wuce mu duka, sai ya karkato da motarsa tsakiyar hanya ya tare ta. Na ce wannan mugun mutum ne, bai wuce ba, bai bar wani ya wuce ba. Mama ta riƙe rigata ta ce da yarenmu in tsaya, kanta yana juyawa.

Na tsaya a gindin wani mangwaro, gab da wata ƙaramar gada, na dafe keken. Motar ta tsaya a bayanmu. Direban ya sauko, wani dattijo gajere mai hula da carbi a wuya. Na riga shi magana.

"Direba, me na yi maka? Dama aka ce, ga ni a dama."

Ya dube ni ya ce, "Kai kana dama, samari. Ƙafar Iya fa, a wane hannu take?"

Ban gane ba. Ya karɓi keken ya riƙe, ya ce in koma baya in tsaya inda motarsa take in duba. Na je na duba. Keken yana gefen hanya daidai, amma katakon da ƙafar Mama sun miƙe cikin kwalta fiye da tsawon hannu, daidai inda tayar mota take bi. Da muna bin hagu kamar dā, ƙafar ciyawa za ta fuskanta. Yanzu motoci take fuskanta. Ga gada a gabanmu wadda mota ɗaya take cika ta. Na dawo wurinsu.

Mama ta tambaye ni me mutumin yake faɗa, na gaya mata. Ta dube shi ta ce da 'yar Hausarta, "Ni tun ina yarinya haka nake zama. Gwamnati ya juya hanya, bai gaya wa mata su juya zama ba."

Direban ya yi dariya har ya dafa keken da hannu biyu. Ya ce, "Gaskiyarki, Iya. Sun manta da ku."

Muka gwada kwance ɗaurin don mu juya ta, amma ina taɓa robar ta yi wata ƙara da ta sa na janye hannuna. Ya ce ko a sa ta gaban mota, sai muka ga ƙafar ba ta lanƙwasuwa, ba za ta shiga ba. Bayan motar kuma doya ce har sama. Duk wannan lokacin mai tasi yana tsaye yana faɗa, wai fasinjojinsa jirgin ƙasa za su kama.

Dattijon ya juya ya ce masa, "Jirgi zai sake zuwa gobe. Ka koma motarka." Sannan ya ce mini, "Hau. Ka shiga tsakiyar hannunka, kada ka raɓe a gefe. Ina bayanka, babu wanda zai wuce ni."

Haka muka shiga Kafanchan. Ni a gaba ina taka keke a hankali, babbar mota a bayana tana tafiyar da ko mai tafiya a ƙasa zai iya bin ta, a bayanta kuma jerin motoci suna ta hon. In mota ta taho daga gaba, sai ya fito da hannu ya yi mata alama ta rage gudu. Wajen tsallaka layin dogo na sauka na tura, ya jira ni. Kusa da kasuwa mutane suka tsaya suna kallo, wasu suna zaginsa. Ban ji ya rama ba. Mama kuwa, da zazzaɓinta, ta ce mini ko ranar aurenta ba ta sami rakiya irin wannan ba.

Da na karya kwana na shiga ƙofar asibiti, na jingina keken a hannun wani mai gadi na juyo don in yi godiya. Motar ba ta tsaya ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya ba Iya lafiya," ya wuce. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Na sha duba fuskokin direbobi a tasha shekara da shekaru, ban sake ganinsa ba.

An gyara ƙafar. Mama ta yi wata biyu a kwance, ta tashi da ɗan ɗingishi, kuma da ƙafafunta biyu ta ci gaba da zuwa gona har ƙarshen rayuwarta.

Har yau keke nake hawa, ko da yake motoci da babura sun cinye hanya. 'Ya'yana suna cewa in ajiye shi, wai babu lafiya a titi. Ba na musu da su. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, bin doka kaɗai ba ya tsare mai keke. Na bi dokar daidai, amma kaina kawai na duba, ban duba wadda na ɗauko ba. Kuma mai keke ba shi da ƙarfe a jikinsa, ransa yana hannun wanda yake bayansa, ko ya gan shi a matsayin mutum ko a matsayin abin da ya tare hanya. Ni Allah ya sa wanda ya biyo ni ya ga mutum. Shi ya sa duk lokacin da aka ce a coci a yi wa matafiya addu'a, da direbobi nake farawa.